Na yi wa yayana ƙaryar kujerar Makka don ya dangwala mini yatsa

Assalamu alaikum Hajiya mai kula da wannan shafi, tare da ku masu karatu. Ina yi muku barka da aiki. Roƙona na farko kada a buga sunana, sunayen da za ku gani a ciki ma duk na aro ne. Na san wasunku tun kafin su kai tsakiya za su fara tsine mini. To ku ɗan riƙe tsinuwar, ku bari in kai ƙarshe, don wannan maganar ba ni da wanda zan iya gaya wa baki da baki. Matata ma rabinta kawai ta sani.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Kaduna, ina zaune a gidajen ma'aikata wajen Doka, kuma na kai matsayin da masinja ke riƙe mini jaka. Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san doka ta hana mu kasuwanci, ya kuma san ba wanda ta taɓa hanawa. Kusan kowa a benen sama yana da kamfani, sai dai ba da sunansa ba. Wani na matarsa ne, wani na surukinsa, na san wanda da sunan 'yarsa mai shan nono yake karɓar kwangila. Lokacin da na yi rajistar nawa abin ba wuya. Lauya ya ce in ba shi sunan mutum biyu da za a sa a matsayin daraktoci, na ba shi na matata da na yayana. A gabana ya sa hannun ɗaya da damansa, na ɗayan da hagunsa, muka yi dariya, aka buga hatimi. Ba wanda ya nemi ganin fuskar kowa. Kamfanin ya yi ta samun 'yan kwangiloli daga ma'aikatarmu, yau bencinan makaranta, gobe fenti, ina cikin masu neman aikin ina kuma cikin masu amincewa a bayar.

Yayan nan nawa, mu kira shi Yaya Ilu, uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. Gyaran keken ɗinki yake yi a wani ɗan shago a Rafin Guza. Da wannan sana'ar ya sa ni makaranta, ban musa ba. Amma ku bari in faɗi abin da ke raina: ban taɓa ganin talaka mai girman kai irinsa ba. Ranar da na sayi motata ta biyu na kai masa ya sa albarka, ya zagaya ta, ya goge hannunsa mai baƙin mai a tsumma, ya ce, "Auta, albashin naku ne ya ƙaru haka?" A gaban telolin da ke zaune a shagon ya faɗa. Tun daga nan in ya zo gidana ruwa kawai yake sha. A kawo tuwo ya ce ya ƙoshi, a kawo nama ya ce haƙori. Na aika masa buhun shinkafa da azumi, ya rarraba wa maƙwabta bai ci ƙwaya ɗaya ba. Kun san zafin a ce mutumin da rufin ɗakinsa ke yoyo shi ne ke ƙyamar abincinka? Shekara da shekaru ina haɗiye wannan. Ni kuwa in na tuna sunansa ne a kan takardun da ke kawo mini abin da yake ƙyama, sai in ji wani sanyi a raina. Shi bai taɓa sanin yana da kamfani ba.

Sai bana aka fito da sabon tsari. Gwamnati ta ce kamfanonin bogi sun yi yawa, don haka duk wanda sunansa ke kan rajistar kamfani sai ya bayyana da kansa. Ya kawo hotunansa, mai unguwarsu ya sa hannu a bayan hoton cewa ya san shi, sannan ya tsaya gaban jami'i ya yi rantsuwa ya dangwala yatsa. Kamfanin da bai cika wannan ba kafin wa'adi a soke shi, a kuma binciki wanda ya kawo sunayen. Hankalina ya tashi. Matata ba matsala, ta ɗaura ɗankwali muka je muka dawo. Saura Yaya. Na ce wa lauya ya cire sunansa kawai, ya ce, "Ranka ya daɗe, cirewar ma sai ya zo da ƙafarsa ya ce ya sauka." Na ce to mu samo wani tsoho a tasha, mu saya masa riga da hula. Ya ce, "Da kenan. Wane mai unguwa ne zai sa hannu a bayan hoton baƙo yanzu, gwamnati na kallo? Ni dai lasisina ba zai tafi a kan wannan ba."

Gaskiya fa? In gaya wa Yaya Ilu gaskiya? Mutumin da in ya tsinci allura a cikin keken wani sai ya bi shi da ita har gida? Da na faɗa, da ranar zai sa takalminsa ya tafi ofishin ya ce shi bai san da wani kamfani ba, kuma da yanzu ba a shafinku nake rubutu ba, shafin farko za a sa ni. Ba zan ce Shaiɗan ya ruɗe ni ba, ko bakina ya suɓuce. A mota na zauna na tsara abina. Na tambayi kaina, wane abu ne ɗaya tak zai sa wannan mutum ya sa riga mai tsabta, ya zauna a ɗauke shi hoto, ya bi ni ofis ya dangwala yatsa ba tare da ya tambayi dalili ba? Kafin in kai Kawo na samu amsa. A unguwa irin tasu, dattijo ba ya ɗaukar hoto ya dangwala yatsa sai in Makka zai tafi.

Na same shi a tsakar gida yana alwala, matarsa Yaya Abu tana tankaɗe. Na durƙusa yadda na daɗe ban durƙusa masa ba, na ce, "Yaya, na biya maka kujera. Bana da kai za mu sauke farali in Allah ya yarda." Butar ta faɗi daga hannunsa. Yaya Abu ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Shi kuwa ya ɗago ya kalle ni, ya ce, "Auta, da wane kuɗi?" Na san zai tambaya, na zo da shirina. Na ce gonar Baba ta ƙauye da aka raba mana ce na sayar da kasona, ko sisin ofis babu a ciki. Nan ya rufe fuska da hannun riga ya fashe da kuka. Tunda nake ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne Inna. Kun san abin da na ji? Ba tausayi ba. Daɗi na ji. A raina na ce, ashe kai ma kana da farashi.

Washegari na ɗauke shi zuwa wani mai hoto a Abakpa. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya aro hula wajen maƙwabci. Mai hoton yana gyara masa wuya yana cewa, "Alhaji, ɗan ɗago haɓa," shi kuma yana cewa, "Tukuna dai, ɗan nan, sai mun je mun dawo." Muka biya wajen mai unguwa. Ko tambaya bai yi ba, ya sa hannu a bayan hotunan yana ta sa mini albarka, yana cewa samarin yanzu su zo su ga yadda ake rama wa na gaba alheri. Kafin la'asar duk Rafin Guza ta ji labari.

A ofishin rajista Allah ya haɗa mu da wani jami'i ɗan kudu wanda ba ya jin Hausa. Da ma na bincika, na san ranar da yake zama. Yaya ba ya jin Turanci, ba ya karanta boko, sai na zama tafinta. Mutumin ya kalli hoton ya kalli Yaya, ya tambaya ko shi ne wane ɗan wane. Wannan na fassara daidai. Ya tambaya ko ya san shi darakta ne a kamfani kaza. Na juya na ce, "Yaya, wai kai ne mai niyyar tafiyar?" Ya dafa ƙirji ya ce, "Ni ne, in sha Allahu." Ya tambaya ko da yardarsa aka sa sunansa, ba wanda ya tilasta shi. Na ce, "Wai da son ranka za ka, ba dole aka yi maka ba?" Yaya ya yi dariya ya ce, "Gaya masa tun ina saurayi nake roƙon Allah wannan rana." Na gaya wa jami'in ya ce eh. Aka kama babban yatsansa aka danna a tawada, ya yi bismilla ya dangwala. Da za mu fita har ya riƙe hannun mutumin da hannu biyu yana yi masa godiya, shi kuwa yana ta mamakin darakta mai ladabi haka. A mota na miƙa masa tsumma ya goge yatsan, ya ƙi, ya ce a bari Abu ta gani tukuna.

Kamfanina ya tsira. Na ce wa kaina baɗi sai in biya masa da gaske, in ce bana an samu tangarɗa. Amma ko da nake faɗa na san ba yi zan yi ba. Ni da matata kuwa muna da kujerunmu na bana, na gaske. Ni wannan zuwana na biyu ne.

Abin da ban lissafa ba shi ne yadda talaka ke shirin Makka. Mu in za mu tafi, tela muke kira da direba. Shi kuwa Yaya ya shiga bitar maniyyata a masallacin unguwa, yana zama sahun gaba yana koyon ɗaura harami da yadda ake ɗawafi. Ya bi duk kekunan da ke shagonsa ya gyara ya mayar wa masu su, wasu ko ladan aiki bai karɓa ba, wai kada ya tafi da kayan mutane a wuyansa. Tsofaffin mata suna zuwa da saƙon addu'a, wannan a roƙa wa 'yarta haihuwa, waccan a roƙa mata cikawa da imani, yana sa ana rubuta masa da ajami. Sannan ya fara bin mutane gida gida yana neman gafara, kamar yadda maniyyaci ke yi. Har wani tela da suka yi shekaru ba sa ga maciji ya je ya durƙusa masa.

Ran nan ina zaune a falo bayan sallar Juma'a sai ga shi. Aka kawo abinci kamar kullum don a fita kunya, sai na ga ya wanke hannu. Ya ci tuwon nan, ya ci nama, har ya ce a ƙara masa miya. Da ya gama ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa a gabana, yayana, wanda ya goya ni. Ya ce, "Auta, kai na bari a ƙarshe don naka ya fi nauyi. Na daɗe ina yi maka mummunan zato. Na ƙi cin abincinka, na kunyata ka a gaban mutane. Ashe kai kana can kana sayar da gadonka saboda ni. Ka yafe mini don Allah." Me kuke tsammani na yi? Na tashe shi? Na faɗi gaskiya? Na bar shi a ƙasan nan ya ɗan jima, ina juya cokali a kofin shayi, sannan na ce, "Ba komai Yaya, ai ɗan Adam ajizi ne. Na yafe." Ni na yafe masa. A ranar ko gezau ban yi ba.

Da tafiya ta matso sai tambayoyi suka fara. Abokan bitarsa an yi musu allura, shi yaushe? An raba musu jaka, tasa fa? Kullum Yaya Abu na aiko a tambaye ni. Na ga abin zai fashe, sai na sake zama a mota na yi tunani. In na ce kujerar ta faɗi, mai unguwa da jama'arsa za su ɗunguma zuwa ofishin alhazai neman ba'asi, a ce musu ba a taɓa jin sunan ba. Ina bukatar dalilin da ba wanda zai bi diddiginsa, wanda kuma laifin ba zai dawo kaina ba. Sai na ɗora laifin a jikinsa.

Na kai shi wani asibitin kuɗi inda wani likita Ba'indiye ke aiki, na ce masa gwajin maniyyata ne. Likitan ya auna jininsa, ya saurari ƙirjinsa, ya sa shi ya hau matakala ya sauka. Ya cire abin sauraron daga kunnensa yana dariya, ya ce mini da Turanci zuciyar dattijon nan ta fi tawa lafiya, in ma akwai mai bukatar rage tumbi ni ne. Yaya ya ce, "Me ya ce?" Na sunkuyar da kai don abin ya yi kama da gaske. Na ce, "Yaya, sai haƙuri. Ya ce zuciyarka ta kumbura. In ka hau jirgi ba za ka sauka da rai ba. Sun cire sunanka." Ya kalli likitan, likitan na ta yi masa murmushi yana ɗaga masa babban yatsa. Ya ce, "To me ya sa yake dariya?" Na ce haka suke yi don kada hankalin majiyyaci ya tashi. Da muka iso ƙofar gidansa ya ce, "Allah bai kira ni ba ke nan." Ya fita ya manta hularsa a mota.

Jama'a, mutumin nan da ƙafa yake zuwa babbar kasuwa sayen kayan gyara ya dawo, bai taɓa kwanciya ciwo ba in ban da zazzaɓin damina. Yau ga shi a kwance. Ya rufe shago, wai kada ya ɗaga kan keke zuciyar ta buga. An daina sa masa gishiri da mai, abincin ma ba ya ci. In ya tashi zuwa masallaci yana tafe yana dafa bango, hannu ɗaya a ƙirji, yana sauraron ciwon da babu shi. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. 'Yan zaman kashe wando na bakin titi kuma sun samu abin yi, in ya wuce sai su ce, "Alhajin Rafin Guza, an dawo lafiya? Ina tsarabarmu?" Matan da suka ba da saƙon addu'a sun zo sun karɓe, sun kai wa wani. Yaya Abu ta zo ofishina, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baban Ummi, ka mayar da shi wajen likitan nan ko magani ya ba shi. Mutumin nan narkewa yake yi a gabana." Na ce mata irin wannan ciwon ba shi da magani sai hutu, na sa masinja ya raka ta bakin titi. Ina zan mayar da shi? Wajen likitan da zai ce lafiyarsa ƙalau?

Shekaranjiya ya aiko in zo. Na same shi a kan tabarma, an jingina shi da matashi. Ya sa Yaya Abu ta ɗauko wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado, ta ajiye a gabana. Haraminsa ne, sabo fil, wanda ya saya da kansa. Ya ce, "Auta, na tambayi malamin bitarmu. Ya ce wanda ciwo ya hana shi tafiya, ciwon da ba a sa ran warkewa, ya halatta wani ya yi masa, in dai shi mai yin ya riga ya sauke nasa. Kai ka taɓa zuwa. Don Allah bana ka yi niyya da sunana. Ka ɗaura wannan, ka tsaya mini a Arfa. Na san na ɗora maka nauyi da yawa, amma ba ni da wanda na yarda da shi kamarka." Ya kama hannuna ya ɗora a kan ƙunshin. Hannunsa ba nauyi, kamar na ƙaramin yaro. Na buɗe baki, wallahi na yi niyyar faɗa, sai na ji kaina ina cewa, "To, Yaya."

Ƙunshin yana cikin but ɗin motata, na kasa shiga da shi gida. Jirginmu ya kusa tashi. In na gaya masa gaskiya na san Yaya Ilu: zai miƙe daga tabarmar nan garau, ya sa takalminsa, ya wuce ofishin rajista kai tsaye, aikina da mutuncina su tafi tare, wataƙila har gidan yari. In na yi shiru, ina tsoron kafin in dawo ƙaryata ta gama kashe shi. In kuma na ɗaura haramin nan na ɗaga murya na ce na amsa kira a madadin yayana marar lafiya, wa zan yi wa tafinta a can? Shi wanda zan faɗa wa yana jin kowane harshe.

Ku zage ni in kun ga dama, na cancanta. Amma bayan zagin, don girman Allah wani ya amsa mini: ni yanzu me zan yi?